Aikin farautar 'yan wasan besbol: yadda ake shiga da yadda ake yin sa

A duk filin makarantar sakandare ko jami'a a Amurka inda labari ya bazu cewa akwai yaro mai hazaƙa, za ka tarar da wasu mutane sun jeru a bayan ragar da ke kare 'yan kallo, daidai bayan mai cafka, wato wanda ke tsugunne bayan mai bugu yana cafke ƙwallon da aka jefo. Ba sa tafi, ba sa ihu. Da mai jifa ya ɗaga ƙafa sai ka ga hannuwa sun tashi tare, kowa riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo, ya saki su sauke, kowa ya duƙa ya rubuta lamba. Waɗannan su ne mafarautan 'yan wasa na ƙungiyoyi 30 na babbar gasar MLB. Abin da aka ɗauke su yi kuwa ya wuce gane wanda ya fi kowa a filin ranar, don wannan ko mai sayar da tikiti ya gane shi. Ana biyansu ne su faɗi abin da yaro ɗan shekara 17 zai zama idan ya kai 24, su sa masa lamba, su yanke masa farashi, sannan su sa hannu a ƙasa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga ɗan abin da zai buƙata. Mai jifa yana tsayawa a kan tudu, nisan ƙafa 60 da inci 6 daga inda mai bugu yake riƙe da kulki. Wurin mai bugun shi ake kira gida. Daga gida akwai zango uku, tsakanin kowanne ƙafa 90, kuma sai ɗan wasa ya zagaye su ya dawo gida kafin a ƙirga ci. Ana raba wasa zubi-zubi, a kowane zubi kowane ɓangare yana samun damar bugu. Wasan manya zubi tara ne, na sakandare bakwai.

Ta ina ake shiga

Babu jarrabawa, babu takardar shaida da gasar ta wajabta. Ƙofa uku ce aka fi bi. Ta farko ta tsofaffin 'yan wasa ce da masu horarwa a jami'o'i, waɗanda ƙungiya ta riga ta san idonsu. Ta biyu ita ce ta ɗan rakiya: ka liƙe wa mafaraucin da ke riƙe da yankinku, kana kai masa labarin yaran garinku, galibi ba albashi, sai ɗan ihsani idan wanda ka nuna ya sa hannu. Ta uku, wadda ta fi buɗewa yanzu, ita ce aikin koyo a ofishin ƙungiya ko ɗaukar bidiyo a ƙananan gasanni, inda ƙungiyoyi ke renon sabbin 'yan wasansu kafin babbar gasa. Kowane Disamba ƙungiyoyi suna babban taron hunturu, kuma a nan masu neman irin wannan aiki suke yin dafifi.

Ko ta wace ƙofa za ka bi, ka tafi da rahotanni a hannu. Ka je wasannin da ke kusa da kai, ka rubuta cikakken rahoto a kan 'yan wasa ashirin ko talatin, da kwanan wata a kan kowanne, har da waɗanda ka ce ba za su kai ba. Daraktan da zai ɗauke ka zai fi duba ko kana iya yanke hukunci ka tsaya a kai. Ka koyi Sifaniyanci, ka koyi karanta alƙaluma a kwamfuta. Ba sai ka taɓa buga wasan a matsayin sana'a ba, kuma ba sai namiji ba: Philadelphia Phillies ta ɗauki Edith Houghton tun 1946, Seattle Mariners ta ɗauki Amanda Hopkins a 2015.

Matakalar aikin a sashen matasa haka take. A ƙasa akwai mai yanki, wanda aka damƙa wa jiha ɗaya ko ƴan jihohi. A samansa mai tantancewa na shiyya, wanda ke zuwa ya sake duba yaran da masu yanki suka ɗaga, ya kwatanta na wannan jiha da na waccan. Sai mai tantancewa na ƙasa baki ɗaya, sai darakta. Mai yanki shi ne ƙashin bayan komai, don yaron da bai rubuta ba, babu wani babba da zai zo ya gan shi.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar auna gudu (Stalker ce aka fi gani, kafin ita JUGS ce ta yi tashe tun shekarun 1970), agogon dannawa mai auna daƙiƙa, kyamara ko waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, littafi da fensir saboda ruwan sama, da mota mai jure tafiya. Ka riƙa yawo da batir na biyu. Na'ura ta mutu a zubi na biyar, a daidai lokacin da kake son sanin ko gudun jifan yaro ya ragu, tafiyar ranar ta tashi a banza ke nan.

Shekarar mafarauci ba ta farawa da bazara. Tana farawa ne washegarin zaɓen sabbin 'yan wasa, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar yara bi da bi, zagaye bayan zagaye, wanda tun 2021 ake yi a watan Yuli. Daga nan zuwa Agusta kana kallon yaran baɗi a gasannin baje koli da gasannin hutu irin na Cape Cod a jihar Massachusetts, kana haɗa jerin waɗanda za ka bi. Kaka da hunturu na ziyarar gidaje ne da kallon atisaye. A tsakiyar Fabrairu jami'o'i suke buɗe kakar wasa, daga nan har Yuni kusan kullum kana fili. Ka tsara jadawalinka a kan masu jifa, don mai bugu yana wasa kowace rana, shi kuwa gwanin jifa na jami'a sau ɗaya yake fitowa a mako, yawanci ranar Juma'a. Idan kana da uku a garuruwa uku, Juma'o'inka ƙidayayyu ne.

Ma'aunin 20 zuwa 80

Harshen da duk masu sana'ar suke magana da shi ke nan, ana kuma danganta asalinsa ga Branch Rickey. 50 tana nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. 60 ya fi matsakaici a fili, 70 ƴan ƙalilan ne, 80 kuwa ƙololuwa ce. 40 ƙasa da matsakaici, 30 da 20 ba sa isa. Kuskuren farko na sabon shiga a nan yake: yana auna yaro da abokan karatunsa. Yaron da ya fi kowa gudu a jiharsa zai iya zama 45. Maganin wannan ɗaya ne, ka yawaita kallon wasannin babbar gasa da idonka daga kusa, har 50 ta zauna maka a ƙwaƙwalwa.

Mai bugu ana auna shi a abu biyar: iya taɓa ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu. Kowanne lamba biyu ake ba shi, ta yau da ta gobe. Rubuta 30/55 na nufin yanzu bai kai ba, amma ka yi imani zai ɗan wuce matsakaici. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce ainihin abin da ƙungiya take saya a wurinka, kuma dole ka bayyana dalilinta. Kafaɗu masu faɗi da jiki siriri wanda bai gama cika ba, dalili ne. "Ina jin haka a raina" kuwa darakta zai maido maka da takardarka.

Gudu shi ya fi sauƙi, don agogo ne ke magana. Ka danna a daidai lokacin da kulki ya taɓa ƙwallo, ka tsayar idan ƙafa ta taka zango na ɗaya. Mai bugu da dama, daƙiƙa 4.3 ita ce 50, 4.2 ita ce 60, 4.1 ita ce 70, 4.0 ita ce 80. Bahago ka rage masa 0.1 a kowane mataki, saboda yana tsayawa ne ta ɓangaren da ya fi kusa da zangon, kuma juyin bugunsa yana tura shi can. Kada ka ɗauki lokaci idan yaron ya ga ƙwallon ta tashi sama ya sassauta, ko ya ɗan dangwara ta yana riga ya fara gudu. Na farko zai nuna shi da nauyi, na biyu zai ƙara masa abin da ba shi da shi. A gasar baje koli ana sa su tseren yadi 60, inda 6.7 zuwa 6.9 ke matsakaici, amma wannan miƙaƙƙen gudu ne, a wasa kuwa ana kwana a kowace ƙafa 90.

Mai cafka shi ma da agogo: daga lokacin da ƙwallo ta faɗa safar hannunsa zuwa lokacin da ta isa hannun mai tsaron zango na biyu, nisan ƙafa 127 da ƴan inci. Daƙiƙa 2.0 matsakaici ce, ƙasa da 1.9 gwaninta. Ka haɗa da lokacin da mai jifa ke ɗauka kafin ƙwallo ta isa gida idan akwai mutum a zango, wajen 1.3, ka sami 3.3, kusan abin da mai satar zango, wato mai rugawa zango na gaba yayin da ake jifa, yake buƙata ke nan. Lokacin da ka ɗauka a atisaye ka rubuta shi dabam, don a can yaran suna miƙewa tun ƙwallo ba ta iso ba, babu kuma mai bugu a gabansu.

Hannu da tsaro kuwa sai ido. Ka kalli jifan daga gefe: yana tafiya a miƙe har ya isa, ko yana mutuwa a hanya? A tsaro, ƙafa ka fara kallo kafin hannu, musamman takun farko bayan an buga ƙwallo. Tambayar da rahotonka zai amsa ita ce a wane gurbi yaron zai ƙare. Gurabe uku na tsakiyar fili, wato mai cafka, mai tsaro tsakanin zango na biyu da na uku, da mai tsaron tsakiya a can baya, su ne masu tsada, don ko bugunsu matsakaici ne za su ci abinci. Wanda jikinsa zai yi nauyi har a mayar da shi zango na ɗaya, sai bugunsa ya kai 60 kafin ya yi amfani.

Ƙarfin bugu iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda kake gani a atisayen kafin wasa lokacin da koci ke lallaɓo masa ƙwallo, akwai kuma wanda ke fitowa a wasa. Yara da yawa suna da 70 a ɗanye da 40 a wasa, saboda ba sa taɓa ƙwallo yadda ya kamata balle ƙarfin ya bayyana.

Wannan ya kawo mu ga iya taɓa ƙwallo, inda aka fi yin asarar kuɗi a duk sana'ar. Ka bar bayan raga ka koma gefen da ƙirjin mai bugu ke fuskanta, wato ɓangaren zango na ɗaya ga mai dama, na uku ga bahago. Daga nan za ka ga inda hannuwansa suke kafin ya fara, saurin kulki, ko kansa na rawa, ko ƙafar gaba tana sauka a kan lokaci. Sai ka dawo baya ka ga abin da ya bari ya wuce. Yaron da ya ga jifa mai lanƙwasa zai faɗi ƙasa ya ƙi motsi, ya gaya maka abin da bugun da ya tsallake katanga bai gaya maka ba. Ka ƙirga sau nawa ya kai duka ya kuskure miƙaƙƙen jifa da ya bi ta tsakiya. Wanda ke kuskure irin wannan a gudun mil 88 a sa'a ba zai gyaru don ya haɗu da mil 96 ba.

Kallon mai jifa

Ka iso tun yana ɗumama hannu a gefen fili, ka tsaya kusa. A wasa ka yi zubi biyu a baya da na'ura, sannan ka koma gefen da yake buɗe, ɓangaren zango na uku ga mai dama, ka ga yadda hannu ke fita da inda ƙafa ke sauka, ka dawo baya a zubi na biyar ko na shida.

Matsakaicin miƙaƙƙen jifa a babbar gasa yanzu yana wajen mil 94 a sa'a. Amma kada ka rubuta lamba mafi girma da ka gani kawai. Ka rubuta inda ya zauna, misali 90 zuwa 92, da inda ya taɓo sau ɗaya, da abin da ya rage masa a ƙarshen wasa. Wanda ya fara da 95 ya ƙare da 89 a zubi na huɗu, ɗan agaji ne na zubi ɗaya, kuma farashinsa dabam ne da na mai buɗe wasa. Ka tuna kuma cewa hutun kwana shida yake samu a makaranta, a sana'a zai ragu, gudun da yawa daga cikinsu yana sauka a shekarar farko.

Mai buɗe wasa yana buƙatar jifa iri uku aƙalla: miƙaƙƙe, mai lanƙwasa, da na yaudara mai fita kamar miƙaƙƙe ya iso a makare. Yaron sakandare mai gudu da wuya ya yi amfani da na ukun, don ba ya buƙatarsa a kan sa'o'insa, shi ya sa ɗumama hannu ke da muhimmanci, wataƙila can kaɗai za ka gan shi sau biyu. Ka bambanta kuma tsakanin mai jefawa cikin yankin da alƙali ke karɓa da mai jefawa daidai inda mai cafka ya ajiye safarsa. Ka kalli safar: idan tana yawo kafin ta kama, na farko ne.

Sai batun gwiwar hannu. Tiyatar dashen jijiya da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare, kuma tana cin wata 12 zuwa 18 na jinya. Ka binciki yawan jifan da yaron ke yi a wasa, ko yana hutawa a hunturu, ko ya taɓa ɓacewa na ƴan makonni ba bayani. Hukuncin na likitocin ƙungiya ne, naka shi ne kada labarin ya zo musu a makare. A 2014 Houston Astros ta zaɓi Brady Aiken na ɗaya a duk ƙasar, gwajin lafiya ya tayar da shakku a kan gwiwar hannunsa, ciniki ya watse.

Abubuwan da ke ruɗar ido

Kulkin ƙarfe na gaba. Makarantu da jami'o'i da shi suke wasa, masu sana'a kuwa da na itace. Na ƙarfe ya fi yafiya, ƙwallon da ta taɓa kusa da hannu za ta iya wucewa, a itace kuwa kulkin ne zai karye. Darajar gasar Cape Cod ke nan, da itace ake bugawa. Ɗan jami'ar da ya yi ɓarna a kakar makaranta ya kasa a can, ka sa masa alamar tambaya.

Sai shekaru. Ɗan 19 a ajin ƙarshe yana cin zalin ƴan 17 ne, alƙalumansa za su yi kyau jikinsa kuma ya gama girma. Ka rubuta shekara da wata a ranar zaɓe a saman kowane rahoto.

Sai yanayi. A Fulorida, Kalifoniya da Texas ana wasa kusan duk shekara, a jihohin arewa maso gabas sanyi da ruwa suna cinye rabin kaka, manya ba sa samun zuwa. Mike Trout ɗan Millville ne a New Jersey, kuma sai a lamba 25 Angels ta ɗauke shi a 2009, bisa nacin mai yankin, Greg Morhardt. Idan yankinka mai sanyi ne, ka san ranakun da za ka ja mai tantancewa ƴan kaɗan ne, ka zaɓa masa ranar da yaronka zai haɗu da mai jifa na ƙwarai.

Sai ƙirar jiki. An yi shakkar Albert Pujols saboda kaurin jiki da rashin tabbacin gurbin da zai tsare, har sai zagaye na 13, lamba 402, St. Louis Cardinals ta ɗauke shi a 1999. Ido yana son dogo mai kyan tsayuwa, kuma yakan yafe masa kuskuren da ba zai yafe wa gajere ba.

Na ƙarshe shi ne gani ɗaya. Besbol wasa ne da gwani ke faɗuwa sau bakwai cikin goma. Kada ka rufe littafi a kan mai bugu kafin ka gan shi a wasa uku ko huɗu, a kan masu jifa dabam-dabam. Kada kuma ka riƙa leƙen littafin na kusa da kai. A bayan ragar nan ra'ayi yana yaɗuwa kamar mura, mutum ashirin su tashi da magana ɗaya, kuma ƙungiyarka ba ta ƙaru da komai ba idan ka zama na ashirin da ɗaya.

Hali, gida da farashi

Na'urori irin TrackMan da Hawk-Eye yanzu suna auna juyin ƙwallo da gudun da take barin kulki fiye da kowane ido, Statcast kuma yana duk filayen babbar gasa tun 2015. Abin da ya rage a hannun mafarauci shi kaɗai shi ne sanin mutumin. Ka kalli yaro bayan an fitar da shi sau uku, yadda yake komawa tsaro, yadda yake yi wa alƙali da abokin da ya yi kuskure. Ka tambayi kocinsa, amma ka san koci yabon ɗansa zai yi, don haka ka tambayi kocin abokan hamayya, mai kula da raunuka, malamin aji. Dalilin wannan bincike a fili yake: yaron da bai taɓa faɗuwa ba zai shiga ƙananan gasanni, ya yi shekara huɗu ko biyar a bas da otal mai araha, yana faɗuwa kullum.

A ziyarar gida kana neman abu biyu, ka san iyalin, ka kuma ji lambar kuɗin da za ta sa yaron ya fasa zuwa jami'a. Wannan lamba ba wasa ba ce. Tun 2012 kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da ƙayyadadden kuɗi, jimillarsu ita ce asusun ƙungiya. Idan aka zaɓi yaro a waɗannan zagaye ya ƙi sa hannu, kuɗin gurbinsa ya fita daga asusun. Idan ƙungiya ta wuce asusun da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari haraji za ta biya, ta haura haka kuwa ta rasa gurbi a zaɓe mai zuwa. Shi ya sa ake ɗaukar ƴan ajin ƙarshe na jami'a, waɗanda ba su da inda za su koma, da kuɗi kaɗan, a tara rarar a ba ɗan sakandaren da ke da zaɓi. Tun 2021 kuma ƴan wasan jami'a suna iya samun kuɗin talla, wannan ya ɗaga farashin raba yaro da karatu. Ka nemi lamba takamaimai daga bakin uba ko mai ba su shawara, ka rubuta ta yadda aka faɗa. Kada ka yi alkawarin zagaye ko kuɗi, ba kai ke da wuƙa da nama ba.

Rahoton kansa gajere ne: ƙirar jiki, lambobi na yau da na gobe, ƙarfinsa, rauninsa, taƙaitawa, da lamba ɗaya ta gaba ɗaya mai nuna matsayin da zai riƙe a babbar gasa, ɗan wasan kullum ne, ɗan benci ne, ko mai cike gurbi a ƙananan gasanni. Ka tura shi a daren ko da safe. Cutar rahotanni ita ce 50 a ko'ina, marubucin ya ɓuya a tsakiya don kada a kama shi da kuskure. Daga nan sai jerin fifiko, duk yaran yankinka daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ba kunnen doki.

Ka kuma shirya wa rashin nasara a ɗakin zaɓe. Zagaye 20 ne kawai yanzu, bayan 40 da ake yi har 2019, don haka mai yanki zai iya shekara ba a ɗauki nasa ko ɗaya ba. Hal Newhouser ya nace Astros ta ɗauki Derek Jeter a 1992, aka ɗauki Phil Nevin, ya ajiye aikin, Yankees ta ɗauki Jeter a lamba 6.

Ƙetare

Zaɓen ya shafi Amurka, Kanada da Puerto Rico ne kawai. A sauran ƙasashe yaro yana sa hannu kai tsaye daga shekara 16, kuma ana buɗe kasuwar ranar 15 ga Janairu. Cibiyar ita ce Jamhuriyar Dominika, inda duk ƙungiyoyi 30 suke da makarantun horo, sai Benezuwela. A can ta hannun masu horarwa masu zaman kansu ake bi, waɗanda ke renon yaro tun yana ƙarami su karɓi kaso daga kuɗin sa hannunsa. Hasashe ya fi wuya, don kana kallon ɗan 14 ko 15 ne, kuma galibi a atisayen da aka shirya domin ka. Ka nace a sa shi a wasa na gaske, kwana da yawa a jere.

Haɗarin nan biyu ne. Na farko shekarun ƙarya: Washington Nationals ta biya dala miliyan 1.4 a 2006 a kan yaron da aka ce mata ɗan 16 ne, a 2009 ta bayyana sunan ba nasa ba ne kuma ya girmi haka da shekara huɗu. Ka je unguwarsu, ka ga makarantarsa, ka kwatanta takardu da na ƙannensa. Na biyu keta dokar kashe kuɗi, wadda a 2017 ta sa aka ƙwace ƴan wasa 13 daga Atlanta Braves aka kuma kori babban manajanta daga wasan. Afirka ma ta fara shiga taswira: Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh Pirates a 2017, Dodgers kuma tana da makaranta a Yuganda, inda ta sa hannu da yara biyu a 2022.

Akwai kuma reshen da ke bin waɗanda suka riga suka shiga sana'a. A nan ana ba ka ƙungiyoyin ƙananan gasanni na wasu kulob, ka zauna a kan kowacce kwana biyar ko shida don ka ga duk masu buɗe wasanta, ka rubuta rahoto a kan kowane mutum a jerin. Da waɗannan rahotanni ake musayar ƴan wasa kafin a rufe kasuwa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Wannan reshe shi bidiyo da alƙaluma suka fi ci: Astros ta sallami mafarauta takwas a 2017, an rage ƙungiyoyin ƙananan gasanni daga 160 zuwa 120 a 2021, a 2023 kuma wasu tsofaffin mafarauta suka kai gasar kotu suna zargin an ture su saboda shekaru. Kwantiragin aikin galibi na shekara ɗaya ne, yana ƙarewa a ƙarshen Oktoba, don haka tun Satumba ka tambayi darakta matsayinka, ka kuma ajiye kwafin jerin yaran da ka ɗaga da inda kowanne ya kai, da shi za ka nemi aiki na gaba.